Dan Allah ku ba ni shawara: 'yan tayi uku ne suka rage mana a asibiti bayan dashen ciki

Maman Tagwaye:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Abin nan ya kai min iya wuya kuma ba irin maganar da zan iya tashi in faɗa a taron addu'a ba ce, shi yasa na kawo ta inda ba a san fuskata ba.

Shekara tara muka yi da maigidana ba haihuwa. Ba azumin da ban yi ba, ba gwajin da ba a yi mana ba, daga ƙarshe likita yace bututun mahaifata duka biyun a toshe suke, in ba dashen ciki ba da wuya in samu. Mun yi watanni muna addu'a kafin muka yarda. Aka yi ta yi min allurai kusan sati biyu, aka ciro ƙwai goma sha ɗaya, takwas suka haɗu da maniyyin mijina, zuwa kwana na biyar guda biyar ne suka rage da rai. Aka dasa min biyu, Allah cikin jinƙansa duka suka kama, yanzu haka mace da namiji suna nan shekararsu huɗu suna cika min gida da ihu. Sauran ukun aka daskarar da su aka ajiye, kuma gaskiya a lokacin ko tunaninsu ban yi ba, hankalina duk yana kan in dai ga ciki.

To satin da ya wuce asibitin suka aiko da takarda wai mu zaɓi ɗaya cikin huɗu: mu ci gaba da biyan kuɗin ajiya, ko a narkar da su a zubar, ko a ba masu bincike, ko a ba wasu ma'aurata. Matsalar ita ce cikin tagwayen saura ƙiris ya tafi da ni, jinina ya hau har na yi jijjiga, a wata na bakwai aka yi min tiyata aka ciro su, sun yi sati biyar a kwalba. Maigida yace shi ba zai sake tsayawa a bakin ɗakin tiyata yana jiran a ce masa matarsa ta mutu ba, in sa hannu kawai a zubar, ai ba mutane ba ne tukuna. Ni kuma na kasa. Ranar dashen sun ba ni hoton biyun nan, kamar 'yan kumfar sabulu guda biyu, yana nan cikin Littafi Mai Tsarki na a Zabura 139. Duk sanda na kalle shi sai in tuna mai gwajin ne kawai ya duba ya ɗauki waɗannan biyun, da hannunsa ya kai kan wasu da 'yata ce yau take cikin tukunyar sanyin nan ana tambayata ko a zubar da ita.

Tambayata biyu ce. Na yi zunubi ne tun farko? Kuma ukun nan, mene ne su a gaban Allah, ya zan yi da su?

Bawan Yesu:

Mama ki yi haƙuri amma gaskiya ɗaya ce, tun farko bai kamata ku je can ba. Saratu ma da ta gaji da jiran alkawari ta ɗauki Hajaratu ta ba Ibrahim, kin ga abin da ya biyo baya a Farawa 16. Hannatu haikali ta je ba wurin likita ba. Allah ne mai buɗe mahaifa shi ne mai rufewa, duk wanda ya yi wa Allah gaggawa sai ya tarar da abin da ya fi ƙarfinsa. Ki tuba ki nemi gafara.

Mai Jiran Ubangiji:

Haba ɗan'uwa. Mace ta zo da kuka kai kuma ka tare ta da bulala? Ni shekarata goma sha uku da aure har yau ban taɓa ko ɓatan wata ba, na san nauyin kalmar nan "ki jira" in ta fito daga bakin wanda 'ya'yansa ke wasa a gabansa. Kuma misalinka bai zauna ba, Saratu wata mace daban ta shigo da ita cikin auren, wannan baiwar Allah ƙwanta ne da maniyyin mijinta ba na wani ba. In toshewar bututu hukuncin Allah ne da ba a taɓawa to toshewar jijiyar zuciya ma kar a taɓa, yanar ido ma a bar ta. Yesu da kansa yace marasa lafiya ne ke bukatar likita, Luka da ya rubuta bishara ma likita ne. Kuma yaran nan biyu da ke yawo a gidanta, kana so ta tuba da samuwarsu ne ko me? Karin Magana 30 ya lissafa mahaifar da ba ta haihu ba tare da kabari da wuta cikin abubuwan da ba sa cewa ya isa, Allah ya san zafin abin, mu ne muke yi kamar ba mu sani ba.

'Yar'uwa ni ban da amsar tambayarki ta biyu, amma ina yi miki addu'a yau da dare.

Sista Nas:

Maman Tagwaye sannu, Allah ya raya miki su. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren haihuwa, bari in faɗi abin da na sani ta fannin aiki don naga kamar takardar nan ta sa ki jin dole sai kin yanke hukunci cikin satin nan, alhali ba haka ba ne.

Na farko ba sa lalacewa da wuri. Cikin ruwan naitirojin ake ajiye su, sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, a wannan sanyin komai na jikinsu tsayawa yake cak, ba girma ba tsufa. Tun 1984 aka haifi jaririya daga daskararren ɗan tayi a Ostareliya, shekara shida kenan bayan haihuwar Louise Brown a Ingila a 1978 wadda ita ce ta farko a duniya ta hanyar dashe. A 2022 ma an haifi wasu tagwaye a Amurka daga 'yan tayin da aka daskarar tun 1992, shekara talatin cur. To in kin ƙara shekara ɗaya na ajiya don ku samu natsuwa ke da maigida ba abin da zai same su.

Na biyu, kuma wannan ne nake so ki riƙe, cikin tagwaye shi kansa yana cikin manyan abubuwan da ke jawo hawan jinin masu ciki, haka ma cikin fari. Ke kin haɗa duka biyun. Yanzu a wurare da yawa guda ɗaya ake dasawa a lokaci guda saboda irin wannan. Ban ce ba haɗari ba fa, wadda ta taɓa yi tana iya maimaitawa, ga kuma tabon tiyata a mahaifa, kuma ban san shekarunki ko yadda jininki da ƙodarki suke yanzu ba. Amma maganar "kar ki sake ɗaukar ciki" wa ya faɗa miki ita, ƙwararren likitan masu ciki mai haɗari ne ya zauna da fayil ɗinki ya faɗa, ko a gigicen ranar nan ne wani ya faɗa wa maigida a baranda? Akwai bambanci sosai. Ki nemi irin wannan likitan ku je ku biyu. Ki kuma sani ba lallai ukun su zama jarirai uku ba, wani ba ya jure narkarwa, wani a dasa bai kama ba, ko a cikin da aka samu ta hanyar da aka saba ma da yawa suna wucewa kafin mace ta san tana da shi.

Wata shawara da za ki iya ji a bakin wasu ita ce a dasa miki su a lokacin da aka san mahaifa ba za ta karɓa ba, wai su mutu a jikin uwarsu ba a kwano ba. Na ga matan da hakan ya sanyaya musu zuciya kuma ba na zarginsu, amma ni a raina ban ga inda ya bambanta da zubarwa ba tunda niyyar ɗaya ce.

Ɗalibin Tauhidi:

Ni dai zan ɗan ja da baya kan cewa lallai mutane ne kamar ni da ke, ba don in raina su ba sai don kar mu ɗora wa Nassi abin da bai faɗa ba. Zabura 139 da Irmiya 1:5 suna maganar sanin Allah ne, Irmiya ma cewa aka yi tun kafin a siffata shi a ciki an san shi, wato tun babu shi kenan, ba za ka ɗauki wannan ka tsayar da ranar da mutum ke farawa ba. Yahaya da ya yi motsi a cikin Alisabatu a Luka 1 cikin wata shida ne. Fitowa 21:22 kuma, mai maganar mace mai ciki da aka buge har cikin ya fita, tun da daɗewa ana saɓani a kanta, fassarar Helenanci ta dā ta raba tsakanin ɗan tayin da ya siffatu da wanda bai siffatu ba, Agustin, babban malamin ikkilisiya na dā, ya bi wannan rabon, Toma Akwinas a ƙarni na 13 shi ma ya ɗauka ran mutum yana shiga ne bayan an ɗan jima ba ranar farko ba. Ga kuma abin da ke ɗaure min kai, har wajen kwana 14 ɗan tayi ɗaya yana iya rabuwa ya zama tagwaye masu kama ɗaya, to kafin ya rabu mutum nawa ne? A kan wannan ne kwamitin Warnock da gwamnatin Birtaniya ta naɗa ya ba da shawarar iyakar kwana 14 ga masu bincike a 1984. Nata na kwana biyar ne, ƙwayoyin halitta ɗari da wani abu, ba ƙwaƙwalwa ba jijiya. Ina ganin mijinta ba mugu ba ne, matarsa yake karewa, kuma Afisawa 5 ta ce ya yi hakan.

Ɗan Katekis:

Ɗalibi ka kawo Agustin da Akwinas amma ka tsaya a rabin hanya, dukansu biyun sun ce zubar da ciki babban zunubi ne a kowane mataki, saɓaninsu kan sunan laifin ne kawai, kuma ilimin halittar Aristotil, masanin Helenawa na dā, suka dogara da shi, ba su taɓa ganin ƙwan mace ba ballantana haɗuwarsa da maniyyi. Bishop Basil na Kaisariya tun ƙarni na 4 ya ce mu ba ruwanmu da bambancin nan na ya siffatu ko bai siffatu ba.

Mama ni ɗan Katolika ne zan faɗa miki namu ba ɓoye-ɓoye. Ikkilisiyarmu ba ta yarda da dashen ciki ba ko da na miji da mata ne, takardar Donum Vitae ta 1987 ta faɗa, Dignitas Personae ta 2008 ta maimaita, dalili shi ne ɗa kyauta ne da ya kamata ya fito daga haɗuwar ma'aurata ba daga hannun mai gwaji ba, da kuma ainihin abin nan da kike ciki yanzu na raguwar 'yan tayi. Amma koyarwar nan ɗin dai ita ce tace duk yaron da aka haifa ta wannan hanya kyauta ne daga Allah a karɓe shi da ƙauna, don haka Bawan Yesu ka kiyaye harshenka kan yaranta. Kan daskararrun kuma takardar 2008 ta hana zubarwa ta hana ba masu bincike, ba da su ga wasu ma ta yaba niyyar amma ta ce akwai matsaloli a ciki, har ta amsa a fili cewa wannan zalunci ne da ba a ga hanyar gyara shi gaba ɗaya ba. Na san ba daɗin ji, amma na fi son a gaya min ba a sani ba da a yi min ƙarya. Abin da na ji daga malamanmu da yawa shi ne uwar da ta haife su in lafiyarta za ta ɗauka ta koma ta ɗauko abinta.

Tsohon Fasto:

'Yata, na karanta rubutunki sau biyu kafin in amsa. Na yi shekaru ina kiwon ikkilisiya kuma a makarantar da na yi ba wanda ya koya mana wannan, sai da wasu ma'aurata suka zauna a gabana da irin takardar nan na fara neman sani, don haka a hankali zan yi magana.

Tambayarki ta farko ki ajiye ta tukuna. Ko masu bi na gaskiya sun rabu a kanta, kin ji na Katolika, babban taron ɗarikar Baftis ta Kudu (Southern Baptist) a ƙasar Amurka ma a watan Yuni 2024 bai haramta dashen kai tsaye ba, ya dai ce a kula da yawan 'yan tayin da ake samarwa kuma ya ƙarfafa a riƙa karɓar daskararru a raine su. In akwai kuskure a naku ni a ganina ba a neman magani yake ba, a rashin tambayar "guda nawa za a haɗa, ragowar kuma fa" yake, kuma wannan tambayar likita ya kamata ya sa ku yi ta, mu fastoci ma ya kamata mu sa ku yi ta, ba mu yi ba. A Jamus tun 1990 doka ta hana a haɗa ƙwai fiye da wanda za a dasa a zagaye ɗaya don gudun irin wannan. In lamirinki na damunki a nan ki kai wa Ubangiji, 1 Yahaya 1:9 a buɗe take, ki tashi kar ki sake komawa kai. Shaiɗan mai zargin 'yan'uwa yana so ki ƙare ƙarfinki kan abin da ya wuce ki rasa na abin da ke gabanki.

Ɗana Ɗalibi, gaskiyarka Nassi bai ba mu rana da awa ba, na yarda. Amma maharbin da ya ga ciyawa na motsi bai tabbata dabba ce ko mutum ba, harbi yake ko tsayawa? Rashin tabbas dalilin janye hannu ne. Maganar rabuwa biyu kuma, don abu ɗaya zai iya zama biyu gobe ba shi ke nuna yau ba kowa ba ne a wurin. Ni abin da ya fi kama ni ma ba ayoyin da ka kawo ba ne, zaman Almasihu mutum ne. Kalma ya zama jiki, kuma ba daga wata na shida ya fara ba, daga ɗaukar ciki ta wurin Ruhu Mai Tsarki ya fara, ya bi ta kwana na biyar ɗin nan kamar kowa. Maryamu da gaggawa ta tafi wurin Alisabatu cikin bai daɗe ba, amma Alisabatu ta kira ta uwar Ubangijina. Matakin da Ubangijina ya ratsa ba zan iya kiransa ba komai ba. Ita ma mai tambayar ta riga ta ga wannan da idonta a hoton nan, ban da abin da zan ƙara mata a kai.

Saboda haka 'yata, zubarwa da ba masu bincike ni ba zan ba ki shawararsu ba. Amma kuma ba zan ce miki dole ki jefa ranki a haɗari ba, ke ma surar Allah ce, kuma akwai yara biyu masu kiran ki mama. Ki bi maganar Sista, a duba ki da kyau. In likita yace da sa ido za a iya ɗaya bayan ɗaya, to ku yi addu'a a kai. In yace a'a, ba da su ga ma'aurata masu bi da za su haife su su raine su ba yasarwa ba ce, uwar Musa ma da ta kasa riƙe shi a kwando ta sa shi ta bar wa wata ta raine shi don ya rayu. Zai yi zafi, ki san akwai ɗanki a wani gida yana kama da 'yan'uwansa, kuma ya kamata ku tambayi dokar inda kuke da ko yaran za su iya sanin juna in sun girma, kar ki sa hannu sai kin fahimci wannan.

Mijinki kuma kar ki mai da shi abokin gaba. Mutumin da ya tsaya a bakin ɗakin tiyata yana jiran labarin mutuwa, in yace "ba mutane ba ne" sau da yawa ba tauhidi yake yi ba, tsoro ne ke magana. Kar ki fara da ayoyi. Ki tambaye shi abin da ya gani a ranar nan da ke ba ki gani ba saboda ba kya cikin hayyacinki, mai yiwuwa bai taɓa gaya wa kowa ba. Kuma ko me za a yi kar ki sa hannu a kan abin da zuciyarki ba ta yarda da shi ba don a zauna lafiya, Romawa 14:23 ta yi magana a kan wannan, shi ma kar ki tilasta masa.

Bawan Yesu:

Na sake karanta abin da na rubuta, Mama ki yafe min, na yi saurin baki. Har yanzu ina da shakka kan dashen amma ba haka ya kamata in faɗa ba, kuma yaranki albarka ne.

Maman Tagwaye:

Na yafe ɗan'uwa, ba komai. Na gode muku duka, Baba Fasto na gode, Sista Allah ya saka.

Jiya bayan yara sun yi barci na yi masa tambayar da Baba yace. Ya daɗe bai ce komai ba sannan yace wai ashe a ranar an kawo masa takarda ya sa hannu, aka ce masa za su yi ƙoƙari amma ba su yi masa alkawarin ko ɗayanmu ba, shi kaɗai a baranda da jakar kayan jarirai a hannu, shekara huɗu bai taɓa gaya min ba. Mun yi kuka sosai. Ban kawo masa aya ko ɗaya ba, hoton kawai na ciro na ba shi, ya riƙe ya yi ta kallo har yake tambayata wanne ne macen wanne ne namijin, nace nima ban sani ba.

Bai ce ya yarda da wani cikin ba, nima ban ce na shirya ba, in na tuna jijjigar nan jikina har rawa yake. Amma da safe shi da kansa ya sa hannu a layin ajiya na shekara ɗaya ya miƙo min biron. Sista dan Allah in mun samu ganin likitan wane gwaje-gwaje ya kamata in ce a yi min, kuma in tafi da fayil ɗin haihuwar tagwayen ne ko su za su nemo da kansu?